Likitan Ƙafa

"Sauko min da hoton ƙasa," in ji Likita, yana dungurin allon kwamfutar da yatsa. "Ƙasa na ce maka. Me zan yi da kawunansu? Ƙafa nake son gani."

Fuskar Manaja tana cikin wani ɗan akwati a kusurwar allon. Saurayi ne ɗanye shakaf, yana magana yana latsa wata wayar. Shi ke kula da gidan rawar nan na intanet, inda mutum zai shiga daga kan gadonsa, ya zaɓi 'yar tsana ta zane ta tsaya a madadinsa, ya sa mata tufafi, ta shiga fili ta taka. An yi wa wurin komai da komai: fitilu masu juyawa, hayaƙin ƙarya, har da teburin lemo da ba mai iya sha.

"Oga, ƙafa kuma? Ai duk iri ɗaya ce. Kai dai ka riƙa duba koren layin nan na gefe. In yana motsi, sautinka na fita. Aikinka ke nan."

"Yaro, tun kana rarrafe nake saka kiɗa."

"Na sani, Oga, shi ya sa muka neme ka. Bayan la'asar za ka hau, lokacin ne mutanenmu na waje suke tasowa daga aiki. In fili ya riƙe har ƙarshe, kowace Asabar taka ce. In ya watse, sai haƙuri, mu mayar da na'urar da ke zaɓo waƙa da kanta."

Hoton ya ɗauke kafin Likita ya samo amsar da ta dace da shi. Ya ja tsaki mai tsawo. Na'ura! Wai shi za a gwada da na'ura, kuma tun rana ba ta faɗi ba, kamar mai tallar magani.

Shi dai ba likitan asibiti ba ne, bai taɓa yi wa kowa allura ba. A tsohon gidan rawar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa aka laƙa masa sunan. Sauran masu saka kiɗa fuskokin mutane suke kallo, shi kuwa ya ce bai yarda da fuska ba, mutum zai yi maka murmushi alhali ya gaji da kai. Ƙasa yake kallo. Da ya ga diddige ya fara nauyi, ko yatsun ƙafa sun fara makara, sai ya juya kiɗan tun mai ƙafar bai san ya gaji ba. Shi ya sa suka ce masa Likitan Ƙafa. Da mai gidan ya rasu, magada suka sayar da ginin, kayan kiɗan suka dawo ɗakin kwana suka tare rabinsa. Babbar lasifikar ma ba ta samu wuri ba, a falo aka jingine ta, wayarta ta bi ƙarƙashin ƙofa. Da ita yake gwada kiɗa ƙasa-ƙasa da safe in maƙwabta sun fita, sauran yinin kuma teburi ce, matarsa Madam na tara yadudduka a kanta.

Ya fito ya same ta a kan keken ɗinkinta, irin na takawa, allura a bakinta.

"Zan je kasuwa. Wayar da ke shiga kwamfuta tana ƙara, sai na samo sabuwa."

"Yaya ya sake kira," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ya ce wurin nan na shagonsa na kayan gini ba zai wuce Litinin a buɗe ba."

"Ni zan zauna ina auna ƙusa?"

"Ƙusar ba ta ciji kowa ba. Da bakinka ka faɗa, Maigida, ba ni na sa ka ba. Ka ce in yau ba ta yi ba, ranar Litinin kana shagon Yaya."

"In kuma ta yi fa?"

"In ta yi, na kama bakina, ka ci gaba da yi wa 'yan tsana kiɗa."

"Ba 'yan tsana ba ne, mutane ne a bayansu."

"To, Allah ya sa su ji."

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, matar nan a filin rawa ya fara ganinta, kuma ƙafarta ya fara gani kafin fuskarta. A lokacin ba ta taɓa makara ba, ko ya juya kiɗa ba zato tana nan tare da shi. Yanzu in ya tayar da zancen sai ta ce ta manta, wai gwiwa ta tsufa, kuɗin makarantar yara ba ya jin kiɗa. Ya ɗauki hularsa ya fita bai ce ta gaida gida ba.

Motar haya ta cika maƙil, an matse shi da wani mai buhun gawayi. Direba ya saki wata waƙa ta cikin lasifika fasasshiya, Likita ya sunkuya yana kallon ƙafafun fasinjoji saboda sabo. Ba wadda ta motsa sai ta wata tsohuwa, ita ma ƙuda take kora. A kasuwa mai shagon wayoyi ya ba shi wata ya rantse ta asali ce, da aka gwada ta ƙi, ya sake ba shi wata ya sake rantsewa. Sai a shago na gaba ya samu.

A hanyar dawowa ƙafarsa ta kai shi inda bai yi niyya ba. Tsohon gidan rawar yana nan, an shafe shi da farin fenti, an jera katifu tun daga bakin ƙofa har ciki. Wurin da aka yi shekaru ana hana mutane barci, yau barci ake sayarwa a cikinsa. A kan benci kuwa ga Dogo, tsohon mai tsaron ƙofa, ya koma maigadin katifu.

"Likita bokan ƙafa!" Dogo ya miƙe kamar an ɗaga ƙyaure. "Ka zo sayen katifa ne, ko ta'aziyya?"

"Ta'aziyya. Ina dandamalina?"

"Inda kake tsayawa? Nan ake ajiye filo."

Suka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Likita ya ba shi labarin gwajin. Dogo ya saurara baki buɗe.

"Tsaya. Kana ɗakinka, ina nan, kuma muna gidan rawa ɗaya?"

"Haka suka ce."

"To wa ke tsaron ƙofa? In wani ya yi rashin kunya wa zai ɗaga shi?"

"Danna shi ake yi ya ɓace."

"Kai, duniya ta lalace. Sa min abin a waya, wallahi sai na zo."

Likita ya karɓi wayar mai tsagaggen gilashi ya saka masa manhajar. Da aka zo zaɓen 'yar tsana, masu kyau duk na kuɗi ne, kyauta ɗaya ta rage: wani ɗan guntun abu mai kunnen zomo da takalmi rawaya. Dogo ya kalli kansa, ya kalli zomon.

"Ni ne wannan?"

"Kai ne. Ga inda za ka riƙa dannawa da yatsa, duk dannawa taku ɗaya. In ka ji kiɗa ya shige ka, ka danna."

"In bai shige ni ba fa?"

"Ka taɓa ji na saka bai shige ka ba?"

"Ban taɓa ba," in ji Dogo. "Ka nemi takalmi rawaya."

Da la'asar ta yi, Likita ya rufe ƙofar ɗaki, ya saki labule don ya samu ɗan duhun da jikinsa ya saba da shi. Ya jona sabuwar wayar, ya ɗora babban abin kunnensa wanda in ya sa shi ko gini ya faɗi ba zai ji ba. Ya kife wayar hannunsa a kan gado, don bai taɓa amsa kira yana aiki ba. Bismillah, ya saki kiɗa.

Fili ya cika. Masu kan kyanwa, masu fuka-fuki, wani ma kamar tulu da hannuwa. Ya jawo hoton ƙasa da kansa har ya zamana ƙafafu kawai yake gani. Nan fa ransa ya fara ɓaci. Ya sassauta kiɗa, suna taka abu ɗaya. Ya zaburo shi, suna taka abu ɗaya. Hagu, dama, juyi, hagu, dama, juyi, ba mai makara, ba mai riga wani, ba diddigen da ya yi nauyi. Ta ina mutum zai kama irin waɗannan? A gefen allo kuma hotunan wuta da na tafi sai gudu suke yi sama, ba a ko iya karanta abin da ke tsakaninsu.

Sai ya hango takalmi rawaya a can gefe. Zomon yana taku a karkace, yana makara, yana rama biyu a jere, sak Dogo a bakin ƙofa in ya ɗauka ba mai kallonsa. Likita ya yi dariya shi kaɗai. Ga ƙafa! Ya kafa mata ido, ya bi ta, ya ɗaga ta, ya sauke ta. Jikinsa ya fara dawowa, har kafaɗa ta soma motsi.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

"Innalillahi! Yau kuma?"

Kwamfutar ta tsaya da batirinta, amma na'urar haɗa kiɗa ta mutu murus. Ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana fizge wayoyi don ya mayar da su kan ɗan batirin gida, ya buga kansa da katako, ya zagi katakon. Bai gama ba wutar ta dawo, kamar da gangan. Ya mayar da komai a guje cikin duhu, bai ko duba ba, hannunsa ya san hanya tun shekaru. Ya ɗora abin kunne, kiɗa ya cika masa kai tas. Ya leƙa fili. Ba wanda ya fita. Hagu, dama, juyi. Alhamdulillahi.

Takalmi rawaya ne kawai ya tsaya cak.

Da farko ya ce ko Dogo ya tashi buɗe wa mai sayen katifa ƙofa ne. Ya ba shi lokaci. Shiru. Zomon na tsaye a tsakiyar masu rawa, ƙafa a haɗe, kamar wanda aka bari a tasha. Likita ya ji zufa ta keto masa. Duk filin nan ƙafa ɗaya ya yarda da ita, ita ce kuma ta ƙi shi.

"Haba Dogo. Ni za ka yi wa haka?"

Ya watsar da jerin sababbin waƙoƙin da Manaja ya roƙe shi ya bi. Ya tono tsofaffi, na zamanin da bangon gidan rawa ke zufa. Ya saka wadda Dogo ke barin ƙofa a buɗe saboda ita. Ko gezau. Ya saka mai kiɗan da ke shiga ta ƙashin baya, ya ɗora wata a kanta tun ba ta ƙare ba, ɗinkin da ba a ganin zarensa. Shi kansa ya san bai taɓa haɗa kiɗa haka ba, ko a can da. Takalmi rawaya bai ɗaga ba. Haushi ya sa ya ciro ta ƙarshe, wadda ya daɗe bai taɓa ba, wadda ya saka ranar da ya fara ganin ƙafar Madam. Ya ja ta, ya maimaita tsakiyarta, ya sake maimaitawa, yana jiran yatsa ɗaya ya motsa. Har lokaci ya cika zomon yana tsaye, sauran kuwa suna ta hagu, dama, juyi.

Ya cire abin kunne, rigarsa sharkaf. Nan take fuskar Manaja ta faɗo kusurwar allo, baki har kunne.

"Oga! Ka kashe su! Ba wanda ya fita, har ƙaruwa suka yi. Asabar taka ce. Zan turo maka saƙo, ka danna amincewa kawai."

"Ka ji haɗin nan na ƙarshe?"

"Wallahi ina wani taron, amma na ga alƙaluma, sun yi kyau sosai. Sai mun yi magana."

To, an ci. Ya kamata ya yi tsalle, amma zomon nan ya tsaya masa a rai. Ya ɗauko wayarsa daga kan gado don ya wanke Dogo tas, sai ya tarar da kiransa jere, da saƙonni a ƙasa. Kafin ya buɗe, kiran ya sake shigowa.

"Likita, kai wane irin mutum ne? Tun ɗazu nake nemanka!"

"Ni zan tambaye ka. Me na yi maka ka tsaya min ƙiƙam a fili?"

"In taka me? Tun da abin ya yanke ɗin nan ban sake jin ko ƙyas ba! Na kashe wayar na kunna, na hura ramin sautin, har wayar mai shago na ara, duk shiru. Na rubuta a wurin rubutun, wutar nan tasu ta haɗiye. Na ce to ko ni ne kurma, tunda ga kowa na rawa."

Likita ya sauke wayar daga kunnensa. Ya juya a hankali ya kalli gefen allon, inda koren layin nan yake, wanda bai ɗaga ido ya duba ba ko sau ɗaya. A kwance yake. Ya durƙusa ya leƙa bayan na'urar. Sabuwar wayar da ya sha wahalar saye tana yashe a ƙasa. A raminta kuwa tsohuwar wayar lasifika ce, zaune daram inda ta saba zama tun zamanin gidan rawa.

Ya kira Manaja.

"Rabin lokacin nan ba sauti. Ba abin da ya fita. Me suke takawa?"

"Kai, haba? To ai ba komai, Oga, tunda ba wanda ya yi ƙorafi. Ka san akwai maɓallin rawa da kanta. Yawancinsu dannawa suke yi su bar 'yar tsanar tana tara musu maki, su tafi harkokinsu. Tafin ma haka. Kai dai ka gyara wayar kafin Asabar."

"Su tafi harkokinsu."

"Eh mana. Ka ga saƙon? Ka danna kawai."

Ya kashe. Ya zauna a bakin gado yana kallon allon, inda har yanzu suke juyi cikin hayaƙin ƙarya ba kiɗa ba komai. Baƙin ciki ya lulluɓe shi, irin wanda ko ranar da aka rufe gidan rawa bai ji ba. Ranar an kore shi ne. Yau kuwa an karɓe shi hannu biyu.

Ya buɗe ƙofa ya fito. Yaduddukan da ke kan lasifika sun zame sun zube ƙasa, ba a ɗauke ba. Madam na kan keke tana warware wani ɗinki da reza, fuska a ɗaure, ɗankwalinta ya karkace.

"Ka ɓata min rigar mutane," ta ce. "Dubi nan. Layi ya tafi tiryan-tiryan, ka zo ka juya kiɗa ba sallama, ƙafata ta bi ka, allura ta yi daji."

"Kin ji?"

"Da me zan toshe kunne? Abu a gefena yana ta bugu." Ta ciji zare ta tofar. "Kuma ta ƙarshen nan ka ja ta da yawa. Maimaici na farko ya isa. A na biyun ƙafa ta riga ta gaji, kai kana ta ja. Da can ba ka yin haka."

Ya tsaya yana kallonta. Gaskiyarta ne, a na biyun ya kamata ya juya. Da yana ganin ƙafar da ya juya.

"To yaya?" ta tambaya, ta ɗan sassauta murya. "Sun watse?"

"Ba su watse ba. An ba ni Asabar."

Ta ajiye rezar. Ta gyaɗa kai.

"Shi ke nan, ka ci. Zan kira Yaya in ce ya nemi wani."

Wayarsa ta yi ƙara a hannunsa, saƙon Manaja ne, da ɗan koren wurin dannawa a ƙasa. Ya dube shi, ya kife wayar a kan lasifika.

"Ki ce masa ina zuwa Litinin."

"Maigida, ka ce fa ka ci."

"Na ci."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta jawo rigar ta daidaita ta ƙarƙashin allura, ta gyara zama.

"To kafin Litinin ɗin, mayar min da waccan. Rigar nan yau za a karɓa, kuma da ita na fi sauri."

Ya koma ɗaki. Bai taɓa wayar da ke ƙasa ba, bai ɗauki abin kunne ba. Ya rufe kwamfutar a kan masu juyi, ya turo teburin kayan har bakin ƙofa, ya sa takalmi ya tokare ƙyauren. Daga nan ba ya ganin fuskarta, keken ya kare ta. Ƙafarta kawai yake gani a kan abin takawa, tana jira.